Ƴan Jinka da Kabarin Yaya

Tsufa bai dame ni ba kamar yadda la'asar ke damuna. A da, a garinmu, da zarar an sallame sallar la'asar, ko kana ƙuryar ɗaki ka san akwai mutane a gari. Sai ka ji ƙasa tana amsa sawun samari, ka ji sanda tana haɗuwa da sanda, ƙas, ƙas, ka ji ihu ya tashi daga gabas ya faɗa yamma, mu kuma ƴan mata muna rige-rigen gama surfe don mu ɗauki tulu mu nufi fili. Yanzu in liman ya sallame, abin da kake ji kukan kurciya ne, da tarin wani tsoho a bayan danga, sai ko salular wata mai jiran kiran da ba ya zuwa. Na kan zauna bakin zaure in kasa kunne, in ce ko kunnuwan ne suka mutu. Kunnuwana lafiyarsu lau. Garin ne ya yi shiru.

Garinmu yana tsakanin Gafati da Hamdara, kuma tun fil azal unguwa biyu ne. Mu Hausawa muna gabas, Barebari suna yamma wajen gidan Bulama, mai garin. Tsakaninmu akwai wani faƙo mai faɗi, ƙasa ce mai tauri wadda ko ƙarangiya ba ta fitowa a kanta. A nan ake yin ƙwallon sanda bayan an ɗaure hatsi. Ƙodagon goruba ake samu, wanda ya bushe har ya zama kamar dutse, kowane namiji kuma ya sari sandarsa mai lanƙwasasshen kai daga saiwar magarya, ya gasa ta a wuta, ya shafe ta da man shanu. Ba a ƙidaya ƴan wasa. Duk mai ƙafa da sanda ya shigo, unguwa da unguwa. Mu muna so mu kai ƙodago gindin kukar Barebari, su suna so su kai shi bakin tsohuwar rijiyarmu. Ba alƙali, ba usur, magariba ce kawai ke raba su. Mu ƴan mata aikinmu ruwa da guɗa da habaici. Kakata ta kan zauna tana kaɗi, in ta ga an shigo da wani da ƙauri a fashe sai ta ce, "Wasan da ake zubar da jini a cikinsa, wata rana shi zai ci gari." Babu mai saurarenta. Ta kan dafa bagaruwa dai ta ajiye, don ta san za a zo nema.

Yayana, wanda nake bi, shi ne gwanin unguwarmu. Dogo ne, ga dogon hannu, in ya ɗauki ƙodago a kan sanda sai ka ce da ƙaro aka manna shi. A wajen Barebari kuma akwai wani gajeren yaro baƙi, mai bugu da hagu, wanda in ya doki ƙodago ba ka ganinsa, ƙararsa kawai kake ji. Ba zan faɗi sunansa ba, don daga baya shi ya zama mai gidana. A lokacin dai ba abin da ke tsakanina da shi sai waƙar zambo da na yi masa a kan gajartarsa.

Ranar da abin ya faru ina tsaye da tulu a ka, ban ma sauke ba. Sun taso daga yamma, yaron nan yana gaba, Yaya ya fito ya tare shi. Yaron ya ɗaga sanda ya buga da iya ƙarfinsa, ƙodagon ya tashi sama maimakon ya bi ƙasa. Na ji wata ƙara da ban taɓa jin irinta ba, kamar an fasa ɗanyen duma. Yaya ya durƙusa, ya dafe fuska da hannu biyu, jini yana bin tsakanin yatsunsa. Bai yi kuka ba. Ni ce na saki tulu, na yi ta kururuwa har muryata ta dushe. Aka ɗora shi a amalanke aka nufi asibitin Damagaram, babanmu yana riƙe da kansa. Yaron Barebarin ya bi bayan amalanken da ƙafa, ba takalmi. Babanmu ya juyo ya ce, "In ka matso kusa da ɗana, wallahi sai na kashe ka." Bai matso ba, bai kuma koma ba. Haka ya bi su daga nesa har cikin birni, ya zauna bakin ƙofar asibiti har aka sallamo su.

Idon hagu ya tafi. Kafin su dawo, gari ya riga ya tsage biyu. Matanmu suka daina ɗibar ruwa a rijiyar yamma, nasu suka daina sayen ƙuli-ƙulinmu. Aka fasa wani aure da aka riga aka kai goronsa. Na ga baffana yana fiƙe kibiya a bayan rumbu, mutumin da ko kaza ba ya iya yankawa. Bulama ya sa aka tattara sanduna duka, na gabas da na yamma, aka tara su a tsakiyar faƙo aka cinna musu wuta. Ƙanshin man shanun da ya tashi daga wutar nan har yau yana hancina. Ya ce duk wanda ya ƙara ɗaukar sanda don ƙodago ya bar masa gari. Wannan ranin haka muka yi shi, ba wasa, ba gaisuwa, kowa ya bi ta gefen faƙo kamar maƙabarta ce.

Yaya ne ya kashe wutar rikicin, shi kaɗai. Wata safiya ya ce in ɗauko masa butarsa in bi shi, don bai saba da tafiya da ido ɗaya ba, yana yawan karo da abu ta hagu. Ban san inda za mu ba sai da na ga mun ratsa faƙo ta tsakiya. Mutanen yamma suka miƙe tsaye. Ya yi sallama a ƙofar gidan su yaron, yaron ya fito duk ya rame, ya tsuguna, ya kasa ɗaga kai.

"Tashi," in ji Yaya. "Ka yi da gangan?"

"Allah ne shaidata, ban yi ba."

"To, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ka ga balon fatar nan da Mushe ke ba ƴan lakwal suna bugawa da ƙafa? Na tambaye shi, ya ce shi ma ana yin sa gari da gari, mutum goma sha ɗaya. Unguwarmu kaɗai ba ta da gwanaye sha ɗaya, taku ma haka. Ni zan tsaya a baya. Kai kuma ka tsaya ta haguna, gefen da ka rufe mini. Duk abin da ya taho ta nan, kai ne idona."

Yaron ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro. Ni kuwa haushi ya kama ni, na ce, "Yaya, wannan ɗin?" Ya ce, "Ke, riƙe buta ki yi shiru."

Haka ekip ɗin garinmu, wato ƙungiyar ƙwallonmu, ya samo asali. Mushe, malamin lakwal, wato makarantar boko, wani siriri mutumin Birni mai son shayi, shi ya koya musu dokoki, ya auna faƙo da taki, aka kafa itacen gawo biyu a kowane gefe. Dattawa suka yi ta gunaguni, amma Bulama ya ce zumunta a ƙafa take, a bar su su yi ta da ƙafar. Mu mata muka wanke buhunan fulawa muka ɗinka riguna, aka kai marina aka tsoma su a baba. In suka yi gudu suka yi gumi, sai shuɗin ya zuba a jikinsu, su dawo gida kamar Buzaye. Sunan kuwa mutanen Hamdara ne suka laƙaba mana don ba'a. An gayyace mu wasa can, ana shirin tafiya sai iska ta yaye jinkar rumbun wata gwauruwa a unguwar yamma, ga hadari ya haɗo. Yaya ya ce ba inda za a je sai an mayar. Suka mayar, suka isa Hamdara rana ta kusa faɗuwa, jama'a suna ta dariya, "Ga ƴan jinka nan sun iso!" Muka karɓi sunan muka riƙe. Ai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Daga nan duk wani aiki mai nauyi na gari ya koma kansu. Yasar rijiya, gayyar noman marar lafiya, yaɓen masallaci kafin damina, kai mai naƙuda asibiti, haƙa kabari. In aka yi mutuwa ba a aika kowa. Kafin a gama wankan gawa sun gama haƙa, sun dawo sun tsaya bakin zaure suna jiran makara. Na girma ina zaton haka duniya take ko'ina, ban san gata ba ne. Da yaron Barebarin nan ya zo neman aurena, babanmu ya ce ko shi kaɗai ya rage namiji a Damagaram ba zai ba shi ba. Yaya ya ce, "Baba, idon nawa ne, na kuwa yafe. Ita ma ka tambaye ta." Aka tambaye ni, na rufe fuska da zane, kowa ya gane. Bayan wasu shekaru Bulama ya sassauta, aka dawo da ƙwallon sanda sau ɗaya a shekara, bayan kaka, amma ba unguwa da unguwa ba, a gauraye ake rabawa. Yaya bai ƙara riƙe sanda ba, shi ke tsayawa alƙali.

Ba zan yi ƙarya in ce mun cika daraja a wajen gari ba. Ba mu taɓa cin kup ba. Mun je Gafati, mun je Damagaram Takaya a bayan babbar mota tare da awaki, an ci mu, mun ci. Sau ɗaya muka kai wasan ƙarshe a Mirriya, ƴan birni masu takalma masu ƙusa suka tattake wa namu yatsu, arbit, alƙalin wasa, yana kallo, aka ci mu. Duk da haka da suka dawo, gari duka ya fita tarbarsu har bakin tafki, da ganga da guɗa, kamar sun ciwo yaƙi. Su Yaya suka tsufa, ƙannensu suka karɓa, ƴaƴansu suka karɓa. Ɗana na fari shi ma ya riƙe ekip, bahago ne kamar ubansa.

Ban san ranar da abin ya fara zubewa ba, don ba rana ɗaya ya zube ba. Tun muna yara ana tafiya cin rani, Kano ko Maiduguri, amma da an ga hadarin fari kowa ya dawo da ɗan tsarabarsa ya ɗauki hauya. Sai gonaki suka yi ta raguwa da rabon gado, damina ta koma yau akwai gobe babu, abin da aka noma ba ya kai mutum ko tsakiyar rani. Sai tafiyar ta juya arewa: Libiya, Aljeriya, ramukan zinariya cikin hamada. Waɗannan wurare ba a dawowa daga cikinsu don an ga hadari. Wata shekara ɗana da mafi yawan ƴan ekip suka shiga mota ɗaya. Ya kira ni daga Agadas ya ce, "Inna, gobe za mu shiga sahara, in mun fita zan kira." Shekaru ke nan. Ban yi masa zaman makoki ba, don ba wanda ya ce mini ya mutu, ban kuma daina cajin salula ba. Matarsa ta jira har ta gaji, alƙali ya raba auren, ta bar mini ɗansu na raina. Waɗanda suka rage suka yi ta lallaɓawa, yau a buga da mutum takwas, gobe a aro yara daga lakwal, har aka daina gayyatarmu. Gara ta cinye itacen gawon, ba wanda ya kafa wani. Yara yanzu sun san sunayen ƴan wasan Turai a tele, amma ka tambaye su su wane ne Ƴan Jinka, sai su yi maka kallon mai tatsuniya.

Yaya ya rasu bana, a tsakiyar bazara, da hantsi, ranar kasuwar Mirriya. Ƴan mazan da ke da sauran ƙarfi duk sun tafi kasuwa tun asuba. Aka yi masa wanka, aka sa shi a likkafani, aka kwantar a zaure. Masu haƙa suka tafi maƙabarta: jikana, wanda yanzu ya zama saurayi, da mai gidana, wanda hannunsa ke rawa ko kofin ruwa ba ya riƙewa daidai, da wasu tsofaffi biyu cikin ƴan ekip na farko. Mata ba ma zuwa maƙabarta, amma tana kusa da gidan Yaya, ina jin komai daga tsakar gida. Ƙasar bazara kamar ƙarfe take. In jikana ne ke riƙe da diga, sai in ji bugu mai ƙarfi. In ya gaji ya miƙa wa tsofaffi, sai in ji ɗaya, shiru, ɗaya, dogon shiru. Rana ta take, azahar ta yi, ta wuce. Matar Yaya tana yi wa gawa fifita da faifai, tana kallona, ina kallonta. Liman ya zo bakin ƙofa ya yi gyaran murya ya ce, "Hajiya, da zafin nan, bai kamata ya daɗe ba." Na ce, "Malam, ramin ya kai ina?" Ya ce, "Ko gwiwa bai kai ba. Diga ta tsaga wa yaron hannu, maigidanki kuma ya faɗi, an ja shi inuwa."

Ban san lokacin da na ɗauki mayafi ba. Na fita na bi ta bayan gari har bakin hanyar jar ƙasa, na tsaya tsakiyarta. Ni da ban taɓa roƙon ko gishiri a gidan maƙwabta ba. Mai moto, wato babur, ya zo, na ɗaga hannu, ya kauce ya wuce, ya zaci mahaukaciya ce. Wani ya tsaya, ya ji, ya ce Allah ya jiƙansa, yana sauri. Ƙasa tana ƙona mini tafin ƙafa ta cikin takalmi. Can sai ga wata buɗaɗɗiyar mota ta taho daga gabas, cike da samari, ƙafafunsu suna reto a gefe, an rataya bidon ɗin ruwa naɗe da buhu. Ko ba a faɗa mini ba na san inda za su, irin motar da ta ɗauki ɗana ce. Ban kauce ba. Direba ya taka birki yana zagi.

"Iya, kin gaji da duniya ne?"

Na kama ƙarfen motar da hannu biyu na ce, "Ƴaƴana, don girman Allah. Wana ne ya rasu tun hantsi, yana kwance a zaure, ba mai haƙa masa kabari. Shi ne ya kafa Ƴan Jinka."

Suka kalli juna. Ba wanda ya taɓa jin sunan. Direba ya ce motar Agadas ba ta jiran kowa a tasha. Sai wani mai jar hula ya diro ya ce, "Mu ma inda za mu, ba mu san wa zai rufe mu ba. Ku sauko." Suka yi ta dirowa. Na koma tsakar gida na zauna, sai na ji diga ta canza murya, bugu a kan bugu ba hutawa, ana ta "karɓi, miƙo, ja can." Na rufe fuska na yi kukan da ban yi ba tun safe. Kafin la'asar sun gama, sun ɗauki makara a kafaɗa, sun yi masa salla, sun rufe shi. Na kai musu fura a ƙwarya suka sha a tsaye. Ban san sunan ko ɗaya ba. Suka hau motarsu, na ga jikana tsaye yana magana da mai jar hular, yana danna salula da hannunsa mai ciwo.

Bayan sadakar bakwai jikana ya same mu a tsakar gida da safe, ni da kakansa, ya tsuguna. Ya ce samarin nan sun kira shi, akwai wuri a ramin zinariyar da suke aiki. Na ce masa ubansa ma haka ya ce. Na ce zan sayar da akuyoyina in saya masa moto ya yi kabu-kabu a Damagaram. Na kama ƙafarsa, ni kakarsa, na ce ya dubi Allah ya dube ni. Ya ce, "Kaka, rumbu ya ƙare tun kafin azumi. In na zauna, mu uku za mu zauna muna kallon juna. Me zan ba ku?" Gaskiya ya faɗa.

Sai mai gidana ya sa baki. Tun ranar da ya faɗi a maƙabarta maganarsa ta yi nauyi. Ya ce, "Ba zan hana ka ba. Abu ɗaya nake roƙo. In hannunka ya warke, kafin ka tafi, ka haƙa mini nawa, ta hagun wan kakarka can. Kada kakarka ta sake tsayawa a hanya."

Yaron ya ce, "Haba, Kaka, wace irin magana ce wannan?"

Na ce, "Ka ji abin da ya ce. Ka haƙa biyu."

An tambayi liman, ya ce bai san abin da ya hana ba. Jikana ya yi kwanaki yana haƙa da sanyin safiya, shi kaɗai, ina jin digarsa daga gida. Da ya gama ya rufe ramukan da itace da ƙayar magarya don kada awaki su faɗa. Ranar tafiya ya zo ya durƙusa, na so in hana shi albarka ko zai fasa, amma wannan hanya ba a bin ta ba albarka. Na tofa masa, na sa masa, na ba shi ƙullin garin fura. Kakansa ya raka shi da sanda har bakin hanya, ya dawo ya zauna kusa da ni, ya daɗe yana numfashi.

"To," ya ce, "haƙa dai an yi."

Na ce, "An yi."

Ya ce, "Saura masu ɗauka."